Sharhina kan Mbed TLS: sifili ɗaya tak ya ci mini kwana huɗu

Da a rana ta uku da fara aikin nan aka ce in ba Mbed TLS maki, wato laburaren manhaja da ke sirranta bayanan da na'ura ke aikawa ta intanet bisa ƙa'idar tsaro ta TLS, da ko tauraro ɗaya ba zai samu a wurina ba. Har na soma gaya wa yaron da ke taya ni aiki cewa mu tattara mu nemi wani laburaren. Allah ya so ban rubuta komai ba a ranar, don da yanzu ina nan ina janye magana.

Aikin ba wani babba ba ne. 'Yar na'ura ce da ke auna ruwan da burtsatse mai sola ke fitarwa, ta riƙa tura lissafin zuwa saba, wato kwamfutar da ke karɓar bayanan ta intanet, duk bayan awa ɗaya. STM32 ne ƙwaƙwalwar da ke ciki, mai RAM kilobayit 128, sai modem ɗin GSM irin mai arhar nan da kowa ya san inda ake sayo shi. Wanda ya taɓa irin wannan aikin ya san babu wani soket a nan, wato shiryayyiyar ƙofar intanet da manhaja kan samu a kwamfuta. Waya biyu ce, ɗaya ta aikawa ɗaya ta karɓa, sai umarnin AT da kake lallaɓa modem da shi kamar mai rarrashin yaro. Modem ɗin yana da nasa TLS a ciki, amma tsoho ne tukuf, sabar ta ce ba ta san wannan zance ba. Dole na sirranta bayanan da kaina a cikin na'urar, modem ya zama ɗan dako kawai.

Abin da ya ja ni ga Mbed TLS ke nan. Laburaren bai damu da ta ina bayananka za su bi ba. Kira ɗaya ne, mbedtls_ssl_set_bio, ka miƙa masa 'yan aike biyu da ka rubuta da hannunka: ɗaya in yana da abin turawa ya kira shi, ɗaya in yana jiran amsa ya kira shi. Akwai gurbin na uku, mai karɓa da ƙayyadadden lokacin jira, in kana so. Shi ke nan. Na saba da wani laburaren, OpenSSL, inda sai ka ƙirƙiri BIO naka, wato irin nasa ɗan aiken, da BIO_meth_new, ka rataya masa na rubutu, na karatu, na ctrl, ka kuma tuna da amsa masa 1 idan ya nemi a zazzage abin da ya rage. Wancan ma yana aiki, amma nan cikin rabin awa na gama rubuta duka biyun. Har na ce wa yaron ya sayo mana tsire, aiki ya ƙare.

Ashe ko farawa ba mu yi ba.

A shago, in na kunna sau goma, sau bakwai musabahar, wato gaisuwar da na'ura da saba ke yi kafin su fara magana a sirrance, za ta kammala lafiya, bayanai su tafi. Sau ukun da suka rage kuwa sai ta yanke a tsakiya da lamba ɗaya, -0x7280. Na ba mbedtls_strerror lambar, ya ce mini ɗaya ɓangaren ne ya rufe layi. To wa ya rufe? Ni dai ban rufe ba. Na kira mai kula da sabar, ya duba ya ce shi bai kori kowa ba, mu ne ma muke yin sallama mu ɓace kafin ya gama amsawa. Sai zargina ya koma kan modem. Muka ɗauki na'urar muka kai ƙauyen da za a girka ta, inda sabis ke zuwa sanda ɗaya ko biyu in an yi sa'a. A can ko sau ɗaya ba ta haɗu ba. Muna tsaye cikin rana gindin tankin ruwa, mai unguwa na gefe yana kallonmu, ya ce, "Injiniya, ko dai aljanun rijiyar ne ba su yarda ba?" Aka yi dariya, ni kuwa raina a jagule.

Da muka dawo na kira Alhajin da ya sayar mini da modem ɗin na sauke masa kwandon magana. Ya yi ta rantsuwa kayansa sababbi ne fil. Ban saurare shi ba, na sa ya aiko da wasu guda uku daga wani kwalin daban, na biya. Duk kanwar ja ce. Na canza layin waya, na canza eriya, na ƙara kafasita a kan layin wuta don an ce irin modem ɗin nan yana fizgar wuta da ƙarfi idan zai yi magana. Babu abin da ya sauya. Daga nan ne na juya kan laburaren kansa, na ce ai dama abin kyauta haka yake.

Daren rana ta huɗu, an ɗauke wuta, janareta na ta ƙara a bayan shago, yaron ya ce, "Oga, me zai hana mu sa shi ya faɗi abin da yake gani da bakinsa?" Na ji haushin shawarar don tun ranar farko ya kamata in yi hakan. Na kunna bin diddigi da mbedtls_ssl_conf_dbg, na kai mbedtls_debug_set_threshold mataki na 4, na kuma maƙala wata waya a layin modem ina leƙen kowane bayit da ke shigowa. Sai ga abin a fili. Laburaren ya tura gaisuwarsa, ya kira ɗan aikena yana neman bayit 5, wato kan saƙon TLS. Layi na gaba ya nuna ɗan aiken ya dawo masa da 0. Nan take ya naɗe tabarmarsa. Bayan kamar daƙiƙa ɗaya, a tagar da nake leƙen layin modem, sai ga amsar sabar ta iso tsaf, 16 03 03 da sauran abin da ke biye, ta tarar babu kowa a gida.

Ni na rubuta ɗan aiken nan ya jira rabin daƙiƙa, in babu abin da ya shigo ya ce sifili, a nufina "ba a zo ba tukuna". A wurin laburaren kuwa sifili na nufin "an rufe ƙofa, kowa ya watse", daidai da al'adar recv, kiran karɓar bayanai na soket. In babu komai tukuna, abin da ake so ka mayar shi ne MBEDTLS_ERR_SSL_WANT_READ, sannan ka sake kiran musabahar daga baya ta ci gaba daga inda ta tsaya. A shago sabis na da ƙarfi, amsa kan riga rabin daƙiƙar isowa, shi ya sa ake dacewa. A ƙauye kuwa ina! Na buɗe ssl.h, fayil ɗin laburaren mai bayanin kiraye-kirayensa, ga shi nan rubuce baro-baro a saman bayanin ɗan aiken karɓa. Na wuce ta kansa ya fi sau nawa ban karanta ba. Laifi tudu ne.

Layi ɗaya na gyara. Sau hamsin muka gwada a daren, sau hamsin ta haɗu. Na yi shiru na ɗan lokaci ina tuna maganganun da na gaya wa Alhaji.

Daga nan kam na koma yabo, kuma ya cancanta. Modem ɗina ba ya karɓar fiye da bayit 1460 a umarni ɗaya. Na zaci sai na yi wata dabara, ashe ɗan aiken turawa zai iya aika iya abin da ya samu, ya faɗi adadin, laburaren da kansa ya dawo da ragowar. Haka wajen karɓa, ko bayit uku ka ba shi zai karɓa ya sake tambaya. Wanda ya tsara wannan ya san halin na'urori marasa galihu irin namu. Ba mamaki, tun yana PolarSSL, kafin kamfanin ARM su saye shi a 2014 su sauya masa suna a 2015, ƙananan na'urori aka nufa da shi. Sai dai a kula da tsofaffin misalai na zamanin wancan sunan: a cikinsu ɗan aiken karɓa ne ke gaba, yanzu kuwa na turawa ne. Wanda ya kwafa ido rufe zai sha mamaki.

To amma ina cikin murna sai ga karaya bayan targaɗe. Ma'ajiyar shiga da ta fita, inda laburaren ke ajiye saƙonni a RAM, kowace bayit 16384 ce in ba ka taɓa ba, wato sama da kilobayit 32 sun tafi tun kafin a zo maganar takardun shaida, da ake tantance saba da su, da lissafin makullan sirri. Ta fita na rage ta zuwa 2048 babu matsala, don ni na san abin da nake turawa. Ta shiga kuwa ba a hannuna take ba, ƙa'idar TLS ta ba saba damar aiko saƙo har girman nan. Akwai hanyar roƙonta ta rage, mbedtls_ssl_conf_max_frag_len, na roƙa, sabar da aka haɗa mu da ita ta yi kunnen uwar shegu. Mai kula da ita ya ce ba zai taɓa komai ba saboda na'ura ɗaya. Haka na bar kilobayit 16 zaune, na koma ina tsintar RAM a wasu wuraren kamar mai tsintar gero a cikin yashi. Na san ba laburaren ne ya kafa dokar ba, amma a kansa na huce.

Fayil ɗin saiti ma ya gajiyar da ni. Maɓallai ne rututu, ka kashe wannan wancan ya ce ya dogara da shi. Yini guda na yi kafin manhajar ta shiga na'urar. Sai kuma agogo: na'urar na farkawa tana zaton 1970 ake, ta ga takardar shaidar sabar ta ce lokacinta bai yi ba, ga lambar kuskure -0x2700. Wannan dai minti goma ya ɗauke ni, don yanzu na koyi tambayarsa tun da wuri.

Tauraro huɗu nake ba shi. Da safe na so in ba shi biyar, sai na buɗe durowa na ga modem ukun nan a ledarsu. Na kira Alhaji na ba shi haƙuri, ya ce, "Ba komai Injiniya, ya wuce." Da na kawo zancen mayar da su kuwa, sai ya ce sabis ba kyau, ba ya jina sosai.