Madubin keke da na sayo a Sabon Gari, ga yadda na same shi a titin Kano

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kekuna suka dawo titi sosai a garin nan, ma'aikata, ɗalibai, har da magidanta da suka jingine mashin saboda kuɗin fetur. Ni ma ina cikinsu, daga Kurna nake shigowa cikin gari kullum a kan keke. Abin da nake lura da shi kuma shi ne mutum zai kashe kuɗi ya sa sabuwar taya, ya gyara birki, ya sa ƙararrawa har da fitila, amma madubi ko oho, wasu ma gani suke ado ne kawai irin na masu Phoenix na da, da ake jera musu madubai biyu masu ƙyalli da geza a hannu. To ni dai a wajena madubi ba ado ba ne, bayan birki babu abin da ya kai shi amfani, shi ya sa na ce bari in yi bayani a kan wanda nake amfani da shi yanzu ko wani zai ƙaru.

Wanda na saya ɗin zagayayye ne, faɗinsa kamar tafin hannun yaro, gilashi ne na gaske ba roba ba, kuma fuskarsa ta ɗan yi tudu a tsakiya. Wuyansa gajere ne na ƙarfe, yana da gwiwa ɗaya da ake juya shi, sai maɗauri da ke kama hannun keke wanda ake ɗaurewa da alanki, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake zurawa a kan kusa a murɗa. A wajen masu kayan keke na Sabon Gari na same shi. Kuɗinsa ya kusa ninka na ƙananan nan na roba da ake ratayewa a bakin shago, har sai da na tsaya ina ciniki ina cewa Alhaji a rage mana mana, ya ce "Malam ɗauki wancan ka ɗauki wannan ka ji nauyinsu a hannu, in ka ga ɗaya ne ka biya kuɗin wancan." Gaskiya kuwa ba ɗaya ba ne.

Dalilin da ya sa na damu da maganar nan shi ne yanayin titinmu. Tun da aka hana acaba a Kano a Janairun 2013 'yan adaidaita sahu suka cika ko'ina, kuma inda mai keke yake bi nan ne dai inda suke ɗauka da sauke fasinja, wato gefen dama. Kana cikin tafiya a Katsina Road ko IBB Way sai kawai wani ya sha gabanka ya taka birki saboda ya hango mata biyu sun ɗaga hannu, to yanzu ko dai ka tsaya cak ko ka kauce hagu ka wuce shi, kuma a wannan daƙiƙar ce kake buƙatar sanin me ke bayanka, shin fili ne ko tifa ce ta taho da gudu. Kunne ba ya taimakonka, kowa hon yake yi, ba ka san na wa ne naka ba. In kuma ka ce waiwaye za ka yi to duk mai hawan keke ya sani, wuya na juyawa hagu hannu ma sai ya ɗan bi shi, keken ya karkata cikin titi daidai inda kake gudu, ga shi idonka ya bar gaba inda ramin yake. Da madubin nan ƙifta ido ɗaya ne, ka gani ka yanke shawara. Wallahi natsuwar da na samu a kan hanya ba kaɗan ba ce.

A hagu na ɗaura shi. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka duk abin da zai wuce ka ta hagunka zai bi. Ɗaya ya isa. Na dama ba laifi ba ne amma ƙarin faɗi ne kawai a lungu.

Maganar tudun gilashin nan ita ce ya kamata mutum ya fahimta sosai kafin ya ba da kuɗinsa. Madubi shafaffe, irin na duba fuska, yana nuna maka mota da girmanta da nisanta na gaskiya, amma ɗan yanki kaɗan yake kamowa, hannunka na motsawa kaɗan sai titin ya ɓace ka koma kallon sama ko kwata. Mai tudu kuma yana kamo titin da faɗi, layi biyu gaba ɗaya har da gefen hanya, sai dai yana ƙanƙantar da komai, motar da ka gani 'yar mitsitsiya kamar tana can nesa to ta fi haka kusa, shi ya sa ma ake rubuta gargaɗi a jikin madubin gefe na motoci da yawa. Nawa tudunsa matsakaici ne, kuma shi nake ba da shawara. Akwai wasu da na gwada a shagon tudunsu ya yi yawa, komai ya zama kamar tururuwa, ba za ka bambance adaidaita da Sharon ba sai sun iso kanka, waɗannan ban ga amfaninsu ba. Ido yana sabawa da mai matsakaicin a hankali. Wanda ya saya sabo ya samu titi mara cunkoso, kamar cikin Nassarawa GRA da safe, ya riƙa kallon mota a madubi sannan ya waiwaya ya ga ainihin inda take, a haka zai gane ma'aunin.

Sai girgiza. Nan ne madubai masu dogon wuya suke faɗuwa. Suna da kyau a ido, suna leƙowa sama da kafaɗa, amma da ka sauka daga kwalta ka shiga hanyar unguwa mai gargada sai hoton ya riƙa rawa, ba abin da kake gani sai haske. Gajeren wuya ba ya haka. Nawa ko a kan burji ina iya gane abin da ke tahowa. Wasu suna sa madubin mashin, ana samun maɗauri mai zare na mili 8 ko 10 a ɗaura shi, gilashinsa kam mai kyau ne amma nauyinsa ya yi wa keke yawa, yana rinjayar kai gefe ɗaya kuma maɗaurin yana yawan zamewa.

Wajen ɗaurawa na kai wa wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu. Yawancin hannun keke kaurinsa mili 22.2 ne a wajen riƙo, maɗaurin kuma ya ɗan fi haka buɗewa, da aka ɗaure sai yana juyawa. Na ce Baba ko dai mayar musu zan yi, ya ce "a'a ɗana, kawo nan." Ya ɗauko tsohon tif ya yanko ɗan siririn yanki da almakashi, ya naɗe a hannun keken zagaye ɗaya da rabi, ya zaunar da maɗaurin a kai ya ɗaure da alanki a hankali, gefe da gefe, yana ɗan girgiza shi da yatsa har ya ji ya kama. Robar nan ta hana zamewa kuma ta shanye girgiza. Sannan ya ce in hau sirdi in zauna yadda nake zama in ina tafiya, shi kuma ya koma baya ya tsaya ta hagu yana cewa kana ganina? Haka muka yi ta juyawa har sai da gefen hannun rigata ya fito kaɗan a bakin madubin ta ciki, sauran duka titi ne. Kar ka saita shi kana tsaye a ƙasa, da ka hau komai zai canja.

Masu Phoenix da Raleigh mai birkin ƙarfe su lura, wajen ɗaurawa ya matse saboda sandar birki da ƙararrawa, a gwada a shago a tabbatar birkin yana kamawa har ƙarshe ba ya taɓa maɗaurin. Masu kekunan Kwatano mai giya kuma akwai wani nau'in da ake cusawa a bakin bututun hannu, a yanke ƙarshen robar riƙo a zura shi a ɗaure ya buɗe daga ciki. Shi ya fi leƙawa waje, don haka in kana sa babbar riga ko jallabiya mai faɗin hannu, ko kana ɗora buhu a kariya, ya fi maka, domin hannun riga in iska ta hura shi yana rufe rabin madubi irin nawa. Ranar Juma'a ina fama da wannan, sai na naɗe hannun rigar zuwa gwiwar hannu. Akwai kuma ƙanana da 'yan tseren keke suke maƙalawa a hular kwano ko a tabarau, a intanet ake ganinsu, amma mu da hula zanna ko ƙube ce a kanmu ba namu ba ne.

Dalilin da ya sa na nace a kan gilashi kuwa, hunturu ne. In ƙura ta sauka daga Disamba zuwa Fabrairu kafin ka kai Ƙofar Mazugal madubin ya yi fari, dole ka goge, kuma kowa da gefen riga yake gogewa. Na roba ƙurar nan tana kankare shi, kafin kaka ta zagayo ya dushe ba ya gyaruwa. Ga zafin Maris da Afrilu da yake haura digiri 40, roba mai arha tana bushewa ta tsage. Gilashi kuwa ɗan yayyafa ruwa ka goge da tsumma mai laushi ya dawo fes. Illarsa dai in keke ya faɗi ta hagu zai iya fashewa, shi ya sa nake jingine nawa ta dama.

Yanzu abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Gwiwar da ake juya shi tana saki, musamman in na ajiye keken a ƙofar masallaci ko makaranta, yara ba sa ganin madubi su ƙyale, sai sun juya sun duba fuska, kuma yawan juyawar nan yana cinye ta. Dole na sayi ƙaramin alanki na ajiye a aljihu, kullum kafin in tashi sai na sake saitawa. Ba ya naɗewa kuma, in na shiga lungunan cikin gari wajen Kurmi ko Jakara inda kai da mai kura sai an yi dabara za ku wuce juna, yana gogar bango, da an yi shi mai lanƙwasawa ciki da ya fi. Da daddare kuma fitilun nan farare da ake sa wa motoci da mashina yanzu suna dukan ido ta cikinsa, sai na ɗan sunkuyar da shi ƙasa.

Kuma don Allah, wannan ita ce maganar da ta fi damuna, kada wani ya sa madubi ya daina waiwaye gaba ɗaya. Akwai wuri daidai kafaɗarka ta hagu da madubin ba ya kamowa, mai mashin ɗin da ya riga ya jero da kai ba za ka gan shi a ciki ba sam. In tafiya kake miƙe madubi ya wadatar. Amma in za ka tsallaka layi, misali za ka yi kwana a Zoo Road ko ka shiga shataletale, ka duba madubi tun daga nesa ka zaɓi gurbi, ka miƙa hannun hagu su san nufinka, sannan ka waiwaya sau ɗaya da idonka kafin ka karya kan keken. In titin ya cika da yawa ka sauka ka tura, ba abin kunya ba ne.

Wanda zai je saye ya tafi da kekensa, kar ya saya a leda ya taho gida. Ya ƙwanƙwasa fuskar da farce ya ji ƙarar gilashi, ya ɗaga shi ya kalli layin rufin shago a ciki, in layin ya yi ta karkacewa kamar igiyar ruwa to gilashin ba shi da kyau a canja masa wani. Ya juya gwiwar ya ji tana da tauri, ya duba kusoshin ƙarfe ne ba roba ba, kuma ya roƙi mai shagon ya haɗa masa da alankin da ya dace da su, domin ba kowane mai faci ne yake da ƙaramin ba.