Wasiƙa daga Dortmund kan aikin ƙafar tsohuwar motata

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran gareji baki ɗaya, na rubuto ne domin in cika alkawarin da na yi maka ranar da muka yi waya, lokacin da ka ji cewa motata ta yi kwana tara ba ta hau titi ba saboda aikin ƙafa, ka yi mamaki, ka ce a wurinku wannan aiki ba ya wuce yini guda. Ka kuma tambaye ni ko zan iya aiko maka da irin shokzobar da na saka, saboda mutumin nan mai mota irin tawa da yake kawo maka gyara. Amsoshin biyu a haɗe suke, shi ya sa na ga ya fi kyau in zauna in rubuta maka su a tsanake.

Motar dai ka san ta a hoto: BMW 330Ci ce mai ƙofa biyu, ƙirar E46 ta shekarar 2002, mai injin lita 3 da silinda 6 a jere, kuma ƙafafun baya ne suke ja. Da ita nake zuwa aiki kullum, ban taɓa kai ta filin tsere ba. Wanda na saya a hannunsa ya riga ya cire shokzoba da sifirin na asali ya saka irin wanda masu jin Ingilishi suke kira koiloba, Jamusawa kuma suke ce wa Gewindefahrwerk, wato ƙafa mai tiredi. Bambancinsa da wanda muka saba gani shi ne, jikin shokzobar yana da tiredi irin na noti, kuma sifirin yana zaune ne a kan wani zobe da ake murɗawa sama ko ƙasa, ta yadda mai mota zai ɗaga ta ko ya sauke ta gwargwadon yadda yake so. A wannan ƙirar, gaba ne kawai sifirin yake kewaye da shokzoba. A baya kowanne da mazauninsa, don haka zoben murɗawar yana wurin zaman sifirin.

Alamun lalacewa sun daɗe suna zuwa. Da farko wata ƙara ce daga baya ta hannun dama idan na taka gargada, daga nan motar ta fara lilo sau biyu ko uku bayan kowane tudu kafin ta natsu, sannan cikin tayoyin gaba ya fara cinyewa fiye da waje. Abin da ya tilasta ni na tashi tsaye shi ne binciken lafiyar mota. A nan Jamus kowace motar gida sai an duba ta bayan wata 24, in ban da sabuwa wadda ake ba wa wata 36 a karon farko, kuma hukumomi irin su TÜV da DEKRA ne suke yin binciken su manna ɗan tambari a lambar baya. Mai binciken ya ɗaga motar, ya kira ni ƙarƙashinta, ya haska mini tocila a kan shokzobar gaba ta hagu wadda mai ya jiƙa har ƙura ta daskare a jikinta, sannan ya nuna mini sifirin baya da zagayensa na ƙasa ya karye ya maƙale a mazauninsa. Bai ɗaga murya ba, bai kuma nemi komai a hannuna ba. Ya rubuta matsalolin a takarda, ya ce ina da wata ɗaya in gyara in dawo.

Zan ɗan tsaya a kan maganar sayen kaya, domin a nan ne bambancinmu da gida ya fi fitowa. Ka tuna yadda muke yi a Kofar Ruwa: mutum ya ɗauki tsohuwar shokzoba a hannu, ya bi rumfa rumfa yana gwada tsawo da ramukan noti, in ya sami wadda ta yi kama sai ya kafa ta a ƙasa ya danna da ƙarfinsa ya ga ko za ta dawo a hankali, daga nan sai ciniki. Ingancin abin da ka saya ya dogara ne ga idonka da amanar mai rumfa. A nan ban riƙe komai a hannu ba. A takardar rajistar mota akwai wasu lambobi biyu, ɗaya ta kamfanin da ya ƙera ta, ɗaya ta nau'inta, kuma da zarar an shigar da su a shafin mai sayarwa sai ya fito da abin da ya dace da motar kaɗai. Wanda ya saya ta intanet yana da kwana 14 da zai iya mayar da kaya ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma doka ta ɗora wa mai sayar da sabon kaya alhakin aibinsa har shekara 2. Harajin kashi 19 cikin ɗari yana cikin farashin da aka rubuta, babu kuma zancen ragi.

Manyan masu ƙera waɗannan kaya ba su da nisa da ni. Bilstein yana Ennepetal, Eibach yana Finnentrop, H&R yana Lennestadt, dukansu a wannan jiha tamu ta Nordrhein-Westfalen, sai KW da yake Fichtenberg a kudu. Akwai kuma wasu marasa suna da ake tallatawa a kan kuɗin da bai kai sulusin na waɗancan ba, masu launi mai ɗaukar ido, amma da yawansu ba su zuwa da takardar shaidar gwaji, kuma a ƙasar nan ƙafar da ba ta da takarda daidai take da babu, domin saka ta yana iya soke izinin hawa titi na motar gaba ɗaya, ya kuma jefa mutum cikin rigima da kamfanin inshora idan hatsari ya auku. Araha dai ba ta ado. Na zaɓi Bilstein B14, wanda tsayi kawai ake daidaitawa a jikinsa, na bar B16 da KW V3 masu maɓallan sauya tauri, saboda motar zuwa aiki ba ta bukatar su, kuma na lura yawancin masu sayensu sau ɗaya suke murɗa maɓallan su manta da su. Ya tasar mini ɗan ƙasa da Yuro 1,000, ya iso ƙofar gida cikin kwana uku, da takardarsa da ake kira Teilegutachten a cikin kwali.

Hannun ma'aikaci shi ne abu mafi tsada a nan. Garejin unguwarmu ya ba ni ƙiyasin kuɗi a rubuce, kowace awa ta haura Yuro 100, kuma sai bayan mako biyu za su sami sararin karɓar motar. Sai na tafi irin wuraren da ake hayar injin ɗaga mota da kayan aiki a kan awa, mutum ya yi gyaransa da kansa. A ranar na gode wa Allah da shekarun da na yi ina miƙa maka sifana.

Abin da na tarar a ƙarƙashin motar ba ka taɓa fama da irinsa ba, domin a Kano ƙura ce abokiyar gabarku, a nan kuwa gishiri ne. Duk hunturu ana watsa gishiri a tituna don narkar da ƙanƙara, shi kuma yana shiga tiredin shokzoba ya haɗe zoben da jikinta su zama abu ɗaya. Na jiƙa zoben da mai, na sa maɓallinsa na buga da guduma, haƙoransa suka fara karyewa amma bai motsa ba. Da na sauke na baya kuma sai na ga robar da take riƙe kan shokzoba a cikin but ta yage, wanda sanannen rauni ne a wannan ƙira, kuma ita ce tushen ƙarar da nake ji. Ban yi odarta tun farko ba. A gida da sai ka tura yaro kasuwa ya dawo da ita kafin la'asar. A nan kuwa ranar Asabar ce da yamma, shaguna sun rufe, Lahadi ba a buɗewa, sai na tura motar gefe a kan ƙafafun ƙarfe ina biyan kuɗin ajiya, na yi odar robobin da boris na saman shokzobar gaba da sababbin notuna, tun da notuna masu kulle kansu ba a maimaita su. Kafin kayan su zo, in kuma sami ranar hutu da injin ɗagawa a lokaci guda, kwana tara sun cika.

A wannan zaman jira na yi ta tunanin kanikawanmu. Na tabbata da kai ne, da ka sa wuta kaɗan ka kwance zoben nan, ka gyara tiredin da hannu, domin ku kuna gyara abu ne, su kuwa nan sauyawa suke yi, kuma wannan basira taku ban ga mai ita a nan ba. Sai dai akwai abu biyu da nake roƙonka ka hana yara yi ko da mai mota ya matsa: walda a jikin sifirin da ya karye, da huda shokzoba a ɗura mata mai. Zafin walda yana kashe ƙarfin ƙarfen, shokzoba mai gas kuma da matsi a cikinta, huda ta haɗari ne ga mai hudawar kansa.

Wurin haɗawa na bi ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya. Na shafa wa tiredin man kariya, na ɗaure kowane noti da sifana mai awon ƙarfi, notunan da suke ratsa bushin roba kuwa ban ƙarasa ɗaure su ba sai da nauyin motar ya sauka a kan ƙafafunta, don kada robar ta kasance a murɗe ta yage da wuri. Tsayin kuma ba da ido ake sa shi ba. Takardar ta faɗi iyakar da aka yarda zoben ya kai, ana kuma auna tazara daga tsakiyar rim zuwa bakin fenda, hagu da dama su zo daidai. Na bar ta kusa da iyakar sama, saboda gangaren shiga wurin ajiye motoci na gidanmu. Daga nan na kai ta aka daidaita ƙafafu huɗu da na'ura, aka ba ni sakamakon a takarda, aka kuma gyara saitin fitilun gaba, tun da tsayin mota ya sauya.

Mataki na ƙarshe shi ne komawa wurin mai bincike, wanda ya gwada lambobin da ke jikin shokzoba da sifirin da na cikin takarda, ya auna tsayi da tef, ya murɗa sitiyari har ƙarshe ta kowane ɓangare ya ga ko taya tana gogar wani abu, ya ɗaga motar ya tabbatar sifirin bai saki a mazauninsa ba, sannan ya ba ni shaidar amincewa da tambarin shekara 2. Motar yanzu tana sauka daga tudu sau ɗaya ta natsu, kuma a kan babbar hanya sitiyari ya daina rawa a hannuna.

Game da mutuminka, shawarata ita ce kada a saka masa irin wannan. An yi koiloba ne don a sauke mota, ko a iyakarta ta sama ma tana ƙasa da tsayin asali, kuma kaskon man injin wannan mota na alminiyam ne, wanda dutse ɗaya ko tudun rage gudu irin na cikin unguwa zai iya fasawa. Sifirinta ya fi na asali tauri, saboda haka duk ramin da damina ta haƙa, jikin motar ne zai sha dukansa, alhali E46 an san ta da tsagewar ƙarfe a wurin da gadon ƙafafun baya yake ɗaure da jiki. Ƙurar hunturun Kano kuma za ta yi wa tiredin abin da gishiri ya yi wa nawa. Abin da ya dace da shi shi ne shokzoba mai tsayin asali, Sachs ko Bilstein B4, da sababbin sifirin da robobin sama, a sauya biyu biyu, gaba tare, baya tare.

Idan ya amince, ka turo mini haruffa 7 na ƙarshen lambar shasi domin in sayi wanda ya dace da motarsa daidai, kuma kafin nan ka ɗaga ta ka haska wurin gadon bayan nan ka gaya mini ko akwai tsaga, don in haɗa da farantan ƙarfen da ake ƙarfafa wurin da su. Ta jirgin ruwa zan aiko, cikin kwantenar da za ta tashi daga Hamburg, saboda haka ka gaya masa ya yi haƙurin wasu makonni. A gaishe mini da Hajiya da yara.

Wassalam, ƙaninka.