Gawasa, tafashiya ko gurjiya: wacce za ka dasa a gida?

In ka je wurin masu sayar da dashe a bakin titi, darbejiya da mangwaro da turare za su fara nuna maka. Itatuwanmu na asali kuwa sai ka nace da tambaya. Kafin ka fitar da kuɗi, fara duba ƙasar gidanka, domin ita ce za ta yi maka zaɓi.

Ni dai gawasa nake fifitawa. Ganyenta kan kai santimita 20 ko fiye, mai kauri, bayansa da laushin gashi, furenta fari-fari ne da ɗan ja a kan reshe, ga 'ya'ya masu ƙamshi da zaƙi. Ba ta cika wuce mita 10 ba, don haka tsakar gida na ɗaukarta. Amma jigawa take so, mai ruwa kusa a ƙasa, irin ta Dallol Bosso a jihar Dosso ta Nijar inda take da yawa. A laka mai riƙe ruwa wahala kawai za ta sha. Kuma ba ta saurin girma. Mai gaggawar inuwa ya haƙura da ita.

Mai gida kusa da fadama, tafashiya ta fi masa. Ganyenta manya ne masu sheƙi, furenta dunƙule yake, fari, mai ƙamshi. Aibinta rassa ne masu bazuwa ko'ina, sai da sassabe. Gurjiya kuwa jan furenta abin kallo ne, sai dai da rani take yinsa bayan ta zubar da ganye, ga ƙaya a jikinta. Inuwarta ba abin dogaro ba ce a lokacin da aka fi bukata.

Sai batun yadda za ka saya. Ƙwallon gawasa ya fi araha, amma taurinsa kamar dutse, yana daɗewa bai tsiro ba, don haka shuka da yawa. Dashen leda ya fi sauƙi: ɗaga ledar ka duba gindinta, in saiwa ta huda ta kama ƙasa ko ta nannaɗe, ajiye, ɗauki ƙarami mai lafiyayyen ganye. Wanda aka tono daga daji kada ka saya ko da kyauta ne. Uwar saiwarsa ta riga ta tsinke, yawanci ba ya kamawa, dajin ma an rage masa.

Dasa da farkon damina, nesa da katanga da masai, ka yi masa shinge saboda awaki, ka riƙa leƙa gindinsa don gara.