Bagzan ko Tubkal: ina Badamagare zai fara hawa?

Mu da muka saba da duwatsun Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, inda yaro ke hayewa ya sauko kafin shayi ya huce, hawan tsauni na gaske wani abu ne daban. Biyu nake aunawa.

Bagzan na gida ne, cikin tsaunukan Ayar (Abzin) da ke arewacin Nijar. Ƙololuwarsa, Idukal-n-Tagas, mita 2,022 ce, babu inda ya fi ta tsawo a Nijar. Daga Damagaram ka bi hanyar Tanut zuwa Agadas, daga nan Tabelot, sai ƙafa. Jakuna ke ɗaukar kaya, Abzinawa ke ja gaba. A sama akwai ƙauyuka da lambunan albasa, tafarnuwa da dankali, abin da ba ka zata ba bayan baƙin dutsen da ka ratso. Sanyin dare a watan Janairu kuwa, bargo ɗaya ba ya isa. Sai dai a tambayi lafiyar hanya kafin a ɗaura kaya.

Tubkal na Maroko ya ninka shi: mita 4,167. Daga ƙauyen Imlil ake tashi, a kwana a masaukin da ke wajen mita 3,200, a kama hawa tun asuba. Iska ta yi ƙaranci, kai na sarawa, numfashi na gajarta. Da hunturu ƙanƙara ke rufe hanya, sai an ɗaura wa takalmi ƙarafa masu haƙora. Jagora dole ne, ga kuɗin jirgi.

Ni dai Bagzan zan fara, in ga ko gwiwata za ta ɗauka.