Hattara da masu tallan bututun da wai ke cin kowane harsashi

Jama'a, ku da kuke da lasisin riƙe ƙaramar bindiga kuna zuwa filin atisayen harbi, akwai wani shafi da ke yawo a intanet yana tallan kayan sauya wa fistol girman harsashi. Kama sunansa ba shi da amfani, sau uku ke nan ina ganin hotunan nan nasa a ƙarƙashin suna daban-daban. Wani abokin harbina ya faɗa hannunsu a watan jiya, kuma shi da kansa ya ce in faɗa wa mutane, in dai ban ambaci sunansa ba.

Shi sauya girman harsashi ba ƙarya ba ne, ana yi, shi ya sa ma damfarar take ci. Mai fistol ƙirar Glock 22, wadda aka ƙera don harsashin .40 S&W, yakan sayi bututu na musamman da gidan harsashi na 9mm ya koma harba 9mm, saboda ya fi araha kuma bai cika naushin hannu ba. Daga .40 zuwa .357 SIG, wanda ya fito a 1994, sau da yawa bututu kaɗai ake canzawa, tunda gindin kwansonsu ɗaya ne. Mai son harba ƙaramin harsashin .22 LR kuwa sai ya sayi saman bindigar gaba ɗaya, domin a gefen gindi ake dukan wannan harsashin, ba a tsakiya ba.

To shi abokina Glock 17 gare shi, mai cin 9mm. Aka nuna masa bututu guda ɗaya tal, wai da ya zura shi bindigarsa za ta harba .40 da .45 duka. Nan ya kamata ya tsaya. Gindin kwanson 9mm bai cika milimita 10 ba, na .40 ya kusa 11, na .45 ACP ya haura 12. Gurbin da gindin ke zama a murfin bindigar an yanke shi ne daidai da 9mm, babba ba zai zauna ba ko da za a buga da guduma. Harsashin .45 ma ya fi tsayi, ba ya shiga gidan harsashin tun farko. Balle a ce rami ɗaya ya dace da kauri uku! Daga babba zuwa ƙarami akan samu hanya, amma daga ƙarami zuwa babba da bututu kawai, duk wanda ya yi maka wannan alkawari ko bai taɓa kwance bindiga ba, ko ya san kai ne ba ka taɓa aunawa ba.

Wajen biya suka ce ba sa karɓar katin banki, sai kuɗin kirifto ko lambar katin kyauta, hanyoyin da in kuɗi ya tafi ya tafi ke nan. Ya biya. Suka turo lambar bin sawun kaya, wadda ba ta aiki a ko'ina sai a wani shafin sufuri da su ne suka ƙirƙire shi. Bayan kwana huɗu sai ga saƙo, kaya sun maƙale a kwastan, a kawo kuɗin inshora. Da ya ƙi, sai murya ta canza. Wani ya kira shi a waya a matsayin jami'in tsaro, ya karanto masa adireshin gidansa da lambar lasisinsa (ya riga ya tura musu hoton lasisin, wai don tantancewa), ya ce an kama shi da safarar makamai, ko ya biya tara yau ko a zo a tafi da shi. A ganina wannan shi ne ainihin jarinsu. Wanda aka damfara a cinikin waya yakan fito ya yi ta kururuwa, amma mai bindiga tsoron rasa lasisinsa yake, sai ya haɗiye ya yi shiru, wani ma ya sake biya.

Wanda bai sami komai ba ma ya fi wanda kaya suka iso masa sa'a. Na taɓa riƙe irin wannan bututu a filin harbi: babu sunan kamfani, babu rubutun girman harsashi, cikinsa da sawun injin yanka kamar an ja ƙusa. Harbi biyu mai shi ya yi, muka tsinci kwanson gindinsa ya kumbura kamar zai fashe. Harsashin 9mm yana iya kai matsin fam 35,000 a kan kowane murabba'in inci, kuma wannan ƙarfen ne kaɗai tsakaninsa da yatsunka. A ƙasashen da ke bin tsarin C.I.P. (hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara gwajin bindigogi), irin su Jamus da Beljiyam, ana gwada bututu da matsin da ya wuce ƙa'ida sannan a buga masa hatimi.

Sai batun "muna aikawa kowace ƙasa, za mu rubuta kayan gyaran keke a kan kwalin". A Amurka gangar jikin bindigar ce doka ta fi sa wa ido, amma fitar da bututu daga ƙasar sai da izini. A Jamus da Ingila shi kansa bututun doka ta ɗauke shi a matsayin ɓangaren makami. In kwalin ya iso da rubutun ƙarya, sunanka ne a kai, ba nasu ba.

Abokina dai ya daure ya kai rahoto wurin 'yan sanda da hotunan saƙonnin duka, aka tabbatar masa babu jami'in da ke karɓar tara ta waya. Daga baya ya kai bindigar wurin maƙerin bindiga mai lasisi, wanda bai ɗauki minti biyu ba ya ce masa in .45 yake so, sai dai ya sayi wata bindigar. Kuɗin ba su dawo ba. Shafin ya rufe, shekaranjiya kuma na ga bututun nan mai cin kowane harsashi a wani sabon suna, har tabon da ke kan teburin hoton bai canza ba.