Tatsuniyoyin Kirista na Turanci: Wanne Ya Kamata Ka Fara Saya?

Littattafan da ake sayarwa da sunan tatsuniyar Kirista ba kaya ɗaya ba ne, ko da an jera su a kanta ɗaya. Akwai wanda wa'azi ne aka sa masa rigar labari. Akwai wanda ba a ambaci Almasihu ko sau ɗaya a cikinsa ba, amma duk ginin labarin a kan fansa yake tsaye. Akwai kuma labarin soyayya da aka ɗora a kan tsohuwar tatsuniyar Turawa, aka cire tsafin aka sa addu'a a gurbinsa. Yawancin masu cizon yatsa bayan sun biya kuɗi, ba littafin banza suka saya ba, na wani suka saya. Saboda haka tambaya biyu ake fara yi: wa zai karanta, kuma ta wace ƙofa bangaskiya ta shiga labarin?

Mafi sauƙin ganewa shi ne na John Bunyan, The Pilgrim's Progress, wanda ya fito a 1678, kashi na biyu kuma a 1684. A nan kowane mutum da kowane wuri yana wakiltar abu guda, sunansa ma shi ke faɗa maka. Ya dace da ajin makarantar Lahadi ko ƙungiyar matasa, domin malami na iya tsayawa a kowace gaɓa ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya nuna ayar. Amma wanda ke neman labarin da zai hana shi barci zai gaji, kuma Turancin asalin tsoho ne ƙwarai. A nemi bugun da aka sabunta harshensa, a duba ko kashi na biyu, tafiyar matar jarumin labarin da 'ya'yanta, yana ciki, don sau da yawa ana yar da shi.

George MacDonald shi ne wanda ba a cika sani ba, kuma shi ya fi arha. Fasto ne ɗan Sikotland, an haife shi a 1824, ya rasu a 1905, don haka babu sauran haƙƙin mallaka a kan ayyukansa. Ana samunsu kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, na saurare kuma a shafin LibriVox. Wanda ya dace a fara da shi shi ne The Princess and the Goblin na 1872, babi 32 gajeru, labarin wata gimbiya da kakarta ta ba ta zobe mai ɗaure da zare siririn da ido ba ya gani, sai dai yatsa ya ji shi. An ce ta bi zaren duk inda ya nufa, ko da cikin kogon dutse ne. Yaron da ta je ceto bai ga zaren ba, bai ga kakar ba, ya ɗauka ƙarya take yi masa. Ba a tsaya an yi wa mai karatu bayanin bangaskiya ba, amma ɗan shekara takwas zai gane abin da ake nufi da bin abin da wasu ba su gani. The Light Princess na 1864 ya fi kusa da sabunta tsohuwar tatsuniya: an tsine wa jaririya ranar baftisma kamar yadda aka yi wa gimbiya mai barci ta tatsuniyar Turawan nan Sleeping Beauty, sai dai ita nauyinta ne ya gushe, jiki da zuciya, har sai da wani ya yarda ya mutu dominta. Kada a fara da Phantastes na 1858 ko Lilith na 1895. Na manya ne, tafiyarsu kamar mafarki, kuma Lilith yana karkata ga ra'ayin MacDonald cewa a ƙarshe kowa zai sami ceto, abin da yawancin majami'u ba su koyarwa. Tun da kyauta ne, hikima ita ce a karanta babi uku a waya kafin a kashe kuɗi a kan na takarda. Masu buga tsofaffin littattafai barkatai sun cika intanet. Nasu yakan zo da ƙananan haruffa, babu hotuna, wani lokaci ma babu lambar shafi.

Idan kuɗin na saye ɗaya ne kawai, kuma akwai yara a gida, Narnia na C. S. Lewis za a saya. Littafi bakwai ne, sun fito tsakanin 1950 da 1956. A nan ne ake yawan yin kuskure wajen zaɓen bugu, don haka bari a ɗan dakata.

Na farko, jerin. Tun 1994 HarperCollins ke sa wa littattafan lamba bisa tarihin cikin labarin, wato The Magician's Nephew na 1955 ya zama na ɗaya. Amma wanda aka fara rubutawa shi ne The Lion, the Witch and the Wardrobe na 1950, kuma an gina shi ne a kan cewa mai karatu bai san wane ne zakin nan Aslan ba. Yaron da ya riga ya ga zakin yana halittar duniya da waƙa a The Magician's Nephew ba zai ji abin da yaran labarin suka ji ba sa'ad da aka fara ambatar sunansa. A yi watsi da lambar da ke bayan littafi, a bi shekarar fitowa: 1950, sai Prince Caspian 1951, The Voyage of the Dawn Treader 1952, The Silver Chair 1953, The Horse and His Boy 1954, sannan na 1955, a rufe da The Last Battle na 1956.

Na biyu, siffar bugun. Akwai kundi guda mai ɗauke da duka bakwai, shafi sama da 700. Ya fi arha a dunƙule, amma nauyinsa ya fi ƙarfin hannun yaro, kuma idan mai bangon takarda ne, gam ɗin ƙashin bayansa yakan tsage a tsakiya, balle a zafin bazara. Bakwai a rarrabe cikin kwali sun fi tsada, sai dai yara uku na iya karatu lokaci guda, kuma idan maƙwabci ya ari ɗaya ya riƙe, ba duka aka rasa ba. Ko wanne aka ɗauka, a tabbatar akwai zanen Pauline Baynes da taswirori. Masu hoton fim a bango su ma a duba su da kyau, domin akwai ƙananan littattafan hotuna da aka yanko daga fim, ba rubutun Lewis ba ne. A wurin masu sayar da gwanjon littattafai, a buɗe babin ƙarshe a ga ko yana nan, a ɗaga shafi ga haske. Bugun satar fasaha yakan nuna rubutun baya ta gaba, zanen kuma ya dusashe.

Akwai abubuwa uku da ya kamata iyaye su sani tun kafin yaro ya yi tambaya. Ana shan ruwan inabi a labaran, kuma a Prince Caspian allahn giya na Girkawa ya fito yana rawa a tawagar Aslan. Sai mutanen Calormen, masu rawani da takobi lanƙwasasshe, baƙaƙen fata, waɗanda aka zana a matsayin azzalumai masu cinikin bayi. An daɗe ana sukar Lewis a kan wannan, domin siffarsu ta yi kama da ta Musulmi, kuma a garin da Kirista da Musulmi suke katanga ɗaya, ba abin da za a bar yaro ya haɗiye shi kaɗai ba ne. Gaskiya ne jarumar The Horse and His Boy 'yar Calormen ce, kuma gunkin da suke bauta wa ba shi da alaƙa da Musulunci, amma sai babba ya faɗi haka da bakinsa. Na uku, a littafin ƙarshe Aslan ya karɓi wani sojan Calormen mai suna Emeth wanda duk rayuwarsa wani allah ya bauta wa da zuciya ɗaya. Fastoci sun sha bamban a kan wannan babin.

Babban mutum da ke son ganin iyakar abin da za a iya yi da tsohon labari, Till We Have Faces na 1956 zai nema. Lewis ya ɗauki labarin Cupid da Psyche na Apuleius, marubucin zamanin Romawa, ya ba mummunar yayar Psyche, Orual, baki ta kai ƙarar alloli. Babi 21 tana kawo hujja, mai karatu yana goyon bayanta, sai babi huɗu na ƙarshe su kwance komai. Ba na yara ba ne, ba ya sauri, kuma a cikin duk waɗanda aka ambata shi ne mafi ƙarfi.

Marubucin Birtaniya J. R. R. Tolkien ɗan Katolika ne, amma ya faɗa ƙarara cewa ba ya son labarin da kowane abu ke wakiltar wani abu. The Hobbit na 1937 da The Lord of the Rings na 1954 zuwa 1955 ba su da coci ba su da wa'azi. Jinƙai da ƙin mulki su ne jijiyarsu. Mai neman abin koyarwa kai tsaye ya wuce su.

Sai na zamani, waɗanda su ne ainihin abin da shagunan Amurka ke kira sabunta tatsuniya. Melanie Dickerson ta fara da The Healer's Apprentice a 2010 a kamfanin Zondervan, gimbiya mai barci ce aka mai da ita Jamus ta zamanin da. Hanyarta ita ce ta rage abin al'ajabi ƙwarai, ta bar soyayya mai tsafta, jarumai suna addu'a a fili. Ya dace da 'yan mata daga shekara goma sha uku, kuma ya dace da gidan da ba a son jin maganar sihiri sam. Aibinsa shi ne ƙirar kusan ɗaya ce, don haka a sayi guda a gwada kafin a kwaso jerin. Anne Elisabeth Stengl, wadda Heartless ɗinta ya fito a Bethany House a 2010, akasin haka take: dodanni masu aman wuta, duniya ƙirƙirarriya, da yarima mai kama da Almasihu. Regina Doman ta kai tatsuniyar 'yan'uwan Grimm, Jamusawan da suka tattara tatsuniyoyin ƙasarsu, birnin New York na yanzu a The Shadow of the Bear, da ɗanɗanon Katolika a bayyane. Duk waɗannan suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka, kuma kafin a biya, Amazon na ba da damar karanta shafukan farko kyauta. A karanta su, domin Turancin Dickerson mai sauƙi ne, na Stengl ya fi shi nauyi.

Tushen ma yana bukatar a duba bugu. A The Snow Queen na Hans Christian Andersen, 1844, yarinyar nan Gerda ta karanta Addu'ar Ubangiji a gaban rundunar ƙanƙara, numfashinta ya zama mala'iku, labarin kuma ya ƙare da ayar nan ta zama kamar ƙananan yara. Bugun yara da yawa sun share wannan duka. Idan littafin shafi ashirin ne da manyan hotuna, an yanke shi. Cikakken labarin kashi bakwai ne.

Mai son ya rubuta nasa ba ya bukatar tulin littattafan koyon rubutu. Maƙalun mutum uku sun isa farawa. The Fantastic Imagination ta MacDonald, 1893, kyauta ce, kuma darasinta shi ne kana iya ƙirƙiro dokokin duniyarka yadda ka so, amma da ka kafa su dole ka bi su, dokar nagarta da mugunta kuwa ba taka ba ce balle ka canza. On Fairy-Stories ta Tolkien, laccar da ya gabatar a jami'ar St Andrews a 1939, tana cikin Tree and Leaf na 1964; ita ta yi bayanin juyin nan na farin ciki da ke zuwa lokacin da aka fid da rai. Maƙalun Lewis kuma suna cikin Of Other Worlds na 1966, inda ya ce Narnia daga hotuna ta faro a kansa, ba daga jerin koyarwar da yake so ya cusa ba.

Wajen aiki, a fara da rubuta ƙashin tsohuwar tatsuniyar a jimla biyar ko shida: haramcin da aka kafa, karya shi, hasarar da ta biyo, tafiyar neman gyara, farashin da aka biya. A bar waɗannan yadda suke, a canza abu ɗaya babba, ko mai ba da labari, ko wuri, ko dalilin mugun. Wanda ya canza komai ya rasa tatsuniyar, wanda bai canza komai ba kwafa ya yi. Inda sababbin marubuta suka fi faɗuwa shi ne ceton da bai ci wa kowa komai ba: jaruma ta shiga uku, ta yi addu'a, matsala ta ɓace a shafi na gaba. Dubi yadda Lewis ya yi, sai da aka aske zakin aka yanka shi a kan teburin dutse saboda yaron da ya ci amana. Kuskure na biyu shi ne dattijon da ke tsayar da labari ya yi wa'azin shafi biyu. Gwajinsa mai sauƙi ne: a cire jawabin, idan labarin bai girgiza ba, dama ba ya cikinsa.

Tatsuniyoyin Grimm, na Charles Perrault ɗan Faransa da na Andersen duk babu mai haƙƙinsu yanzu, kowa na iya sarrafa su, amma abin da Disney ya ƙara, kamar sunayen wadanni bakwai na fim ɗin Snow White, nasa ne. Narnia kuwa ba a taɓa ta: Lewis ya rasu a 1963, dokar Najeriya kuma tana kare aiki shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Mai rubutu da Hausa ma ba lallai ya je Jamus aro ba. Abubakar Imam ya riga ya nuna a Magana Jari Ce cewa labarin Grimm na iya zama ɗan gida, kuma tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa tana da duk abin da ake nema: wulakanci, tsohuwar da ke gwada hali a bakin rafi, da sakamako. Abin lura ɗaya ne. Ga mai karatu a Landan, mayya da aljani kayan wasa ne. A Jos ko Wusasa akwai wanda aka taɓa zargin kakarsa da maita. Saboda haka tun a babin farko a fayyace daga ina ikon al'ajabi yake zuwa a duniyar labarin, wa ke bayarwa, me ake biya, kuma a ba fasto ɗaya da uwa ɗaya su karanta babi uku na farko kafin a ci gaba da sauran.