Sharhi kan zagayen ɗaukar hoto a gaɓar tekun Jidda

Tun kafin mu tashi daga Gombe zuwa Umara na biya kuɗin wannan zagaye ta intanet, domin tallar ta yi alkawarin cewa jagora zai zagaya da mutum a ƙafa a gaɓar tekun Jidda, wadda aka sabunta aka buɗe a 2017, ya nuna masa inda ya fi dacewa ya tsaya idan yana son hoton gine-gine da yamma. 

Da fitowarmu daga mota mai na'urar sanyaya a unguwar Alhamra, sai gilashin kyamarata ya yi gumi ya rufe fari fat, ban iya hango ko inuwar gini ba. Mu a Gombe ƙurar hunturu ce babbar matsalar kyamara, saboda haka hannuna ya riga ya kai gefen riga zan goge. Jagoran, wani matashi haifaffen Jidda wanda iyayensa Hausawa ne, ya tare ni cikin ladabi ya ce, "Baba Alhaji, kada ku goge, kada kuma ku kwance gilashin daga jikinta, ku bar ta ta sha iska tukuna." Ya yi mini bayanin cewa gilashi mai sanyi ne ya haɗu da iska mai ɗumi da laima daga Bahar Maliya, kuma gogewa da tufa a wurin da gishiri ke yawo a iska na iya karce shi, kwancewa kuwa za ta shigar da laimar ciki. Maganinsa shi ne a ɗaure kyamarar a leda tun daga masauki, a bar ta har sanyinta ya fita.

Bai bar lokacin jiran ya tafi a banza ba. Ya bi da mu ta cikin sassaƙe-sassaƙen da ke jere a wani fili a bakin tekun, har da ayyukan mashahuran masu fasaha na Turai, Henry Moore da Joan Miró, waɗanda aka kawo zamanin da Muhammad Sa'id Farsi yake magajin garin. Kafin gilashin ya washe rana ta kusa faɗuwa, sai ya kai ni gaban maɓuɓɓugar ruwa ta Sarki Fahad, wadda take harba ruwan teku sama fiye da mita 260 tun 1985, daga gindin da aka yi masa siffar kaskon turare. Ya duba inda iska ke kaɗawa, ya tsayar da ni a ɓangaren da feshin gishirin ba zai iso ba, kuma a nan na sami hoton da ya fi mini kowanne a tafiyar.

Da a nan aka tsaya, da babu abin da zan faɗa sai yabo. Amma tallar ta lissafa Masallacin Arrahma, wanda aka gina kan ginshiƙai a cikin ruwa, a matsayin zangon ƙarshe na tafiyar ƙafa, alhali yana can arewacin gari, nesa da inda ƙafa za ta kai mutum kafin dare. Dole muka ɗauki tasi daga aljihunmu, muka isa bayan duhu ya rufe, wurin cike da jama'a, sannan sandar girke kyamara mai ƙafa uku da kamfanin ya ce zai bayar aro ba ta zo ba. Kubbar masallacin ta fito a dusashe a duk hotunan da na ɗauka, abin da har yanzu yake sosa mini rai, domin shi ne hoton da na yi wa mahaifiyata alkawari. Tagogin katakon nan na tsohon gari, Albalad, da suka ƙawata tallar da su, ashe ba sa ma cikin zagayen.

Matashin ya ba da haƙuri iyakar ƙoƙarinsa, kuma zan sake binsa ba tare da shakka ba idan na same shi shi kaɗai. Kamfanin kuwa na aika masa koke ta WhatsApp kan kuɗin tasin da sandar, alama ta nuna an karanta, amma har na dawo Gombe babu wanda ya amsa.